Hamadar da ke tsakiyar teku: yadda ƙurar Cadi ke ciyar da halittun da ido ba ya gani

Duk shekara idan hunturu ya kama, daga watan Nuwamba zuwa Maris, hazo kan rufe sama tun daga Faya-Largeau har Njamena, Difa, Damagaram, Marwa da Garwa, wani lokaci ya gangara har Kumasi da Abijan. Jiragen sama su kasa sauka, leɓɓa su tsattsage, asibitoci su cika da masu tari. Sai dai ba dukan ƙurar nan ke sauka a doron ƙasa ba. Iska na kwasar wani kaso mai yawa ta tsallake gaɓar Afirka ta Yamma da shi, ta zube shi a tsakiyar tekun Atlantika. A can ƙurar ke zama taki ga wasu halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda kifin teku da yanayin duniya suka dogara da su.

Wurin da take sauka kuwa na daga cikin ruwaye mafi ƙarancin abinci a duniya. Masana kan kira irin waɗannan yankuna hamadar teku. Yadda rai ke ɗorewa a cikinsu, duk da wannan talauci, tambaya ce da aka shafe fiye da shekara ɗari ana neman amsarta.

Mene ne filankiton?

Filankiton suna ne da ya haɗa duk halittun ruwa da ba su da ƙarfin yin iyo su saɓa wa igiya, sai dai ruwa ya kai su inda ya nufa. Wani masani Bajamushe, Victor Hensen, ya ƙirƙiro kalmar a 1887 daga wata kalmar Girkanci mai nufin abin da ke yawo. A 1889 ya jagoranci tafiyar bincike a Atlantika domin auna yawansu.

Sun kasu manyan gida biyu. Akwai masu kama da tsiro, waɗanda ke haɗa abincinsu da hasken rana, ruwa da iskar kabon, kamar yadda ganyen gero ke yi. Akwai kuma masu kama da dabba, waɗanda ke cin na farko ko su ci junansu: ƙananan dangin jatan lande, tsutsotsi, da 'ya'yan kifi da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba. A gefensu akwai bakteriya da ƙwayoyin bairas masu yawan gaske.

Mutanen yankin tafkin Cadi sun san irin wannan halitta tun kafin a ba ta sunan boko. Dihe, koren abin nan da matan Kanembu ke tacewa daga tafkunan kanwa su shanya a kan yashi su yi miya da shi, filankiton ne na ruwan kanwa, kuma dangi ne ga wasu daga cikin na teku.

Idan aka auna nauyi, filankiton masu kama da tsiro ba su kai kashi 1 cikin 100 na dukan tsirran duniya ba. Amma kusan rabin abincin da ake haɗawa da hasken rana a duniya su ke haɗa shi, wato kabon da ya kai tan biliyan 45 zuwa 50 a shekara. Sirrin shi ne sauri. Kuka na iya shekara ɗaruruwa a tsaye, su kuwa cikin kamar mako guda an cinye na yau, wasu sabbi sun maye gurbinsu.

Me ya sa shuɗin ruwa alamar talauci ce?

Hoton teku mai shuɗi garau da ake gani a tallan yawon buɗe ido hoton ruwa ne da kusan babu komai a cikinsa. Ruwan da ya ƙoshi da filankiton kore ne, da ɗan duhu. Wanda ya rasa su shi ne hasken rana ke ratsawa ya koma shuɗi. A 2004 wata tawagar binciken Faransa mai suna BIOSOPE ta auna ruwan kudancin Fasifik, kusa da tsibirin Rapa Nui, ta same shi cikin mafi garau da aka taɓa aunawa a teku.

Irin wannan ruwa yana cikin manyan da'irori biyar da igiyoyin teku ke kewayawa: biyu a Atlantika, biyu a Fasifik, ɗaya a tekun Indiya. Idan aka haɗa su, sun mamaye kusan kashi 40 cikin 100 na faɗin duniya.

Dalilin talaucinsu biyu ne. Na farko zafi. Duk wanda ya taɓa shiga tafki da bazara ya san saman ruwan na da ɗumi, ƙafa kuma na jin sanyi a ƙasa. Ruwan ɗumi bai kai mai sanyi nauyi ba, saboda haka yana zama a sama kamar yadda man gyaɗa ke zama a kan ruwa, ba sa cakuɗuwa. A ƙasashen sanyi, guguwar lokacin sanyi kan gauraya teku kowace shekara ta dawo da abin da ke ƙasa zuwa sama. A yankuna masu zafi wannan gaurayar ba ta da ƙarfi. Na biyu kuma, iska da juyawar duniya suna tara ruwan sama a tsakiyar da'irar, su danna shi ƙasa, su ƙara nisanta ruwan da ke da taki.

Sakamakon haka, haske na sama, taki na ƙasa. Hasken da ya isa haɗa abinci ba ya wuce zurfin mita 150 zuwa 200 ko a ruwa mafi garau. Takin kuwa yana taruwa ne a ƙarƙashin haka, inda matattun halittu ke nutsewa su ruɓe. Naitirojin da ke cikin zurfi na iya ninka na sama sau dubu ko fiye. Shi ya sa a waɗannan yankuna ake samun mafi yawan koren launi a zurfin mita 100 ko ƙasa da haka kaɗan, daidai inda ragowar haske ke haɗuwa da farkon taki.

Takin da ake magana shi ne wanda manomi ya sani a buhun NPK. Akwai naitirojin, wanda ake kira azote da Faransanci, shi ne kuma ƙarfin takin yuriya. Akwai fosfor. Sai sinadarin ƙarfe, wanda ake bukata kaɗan amma ba a yi sai da shi. A 1934 wani Ba'amurke, Alfred Redfield, ya lura cewa a jikin filankiton da cikin ruwan zurfi, fosfor da naitirojin suna tafiya ne bisa ma'auni kusan iri ɗaya. Daga baya aka tsayar da lissafin cewa duk ƙwayar zarra 1 ta fosfor tana tafiya da kimanin 16 na naitirojin da 106 na kabon. Idan ɗaya daga ciki ya ƙare, yawan sauran ba ya amfani, kamar mai tuwo da ke da gari da itace amma babu ruwa.

Ƙanƙanta ita ce dabara

Har zuwa shekarun 1970, masana na kama filankiton da raga mai ƙananan idanu, suna ɗauka abin da ragar ta riƙe shi ne duka. Ashe mafi yawa suna zurarewa ta idanun ragar. A 1986 Sallie Chisholm ta jami'ar MIT da Robert Olson na cibiyar Woods Hole, tare da abokan aikinsu, suka yi amfani da na'urar da ke ƙirga ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya da hasken laser, suka gano wata halitta da ba a san da ita ba. Sun wallafa sakamakon a 1988, aka kuma raɗa mata suna Prochlorococcus.

Faɗinta kimanin kashi 6 cikin 10,000 na milimita ne. Sai an jera fiye da ɗari kafin su kai kaurin gashin kai. Ƙaramin cokalin shayi na ruwan teku mai zafi na iya ɗaukar rabin miliyan. An ƙiyasta adadinsu a duniya da lamba 3 mai sifili 27 a bayanta, abin da ya sa ita ce halitta mai haɗa abinci da hasken rana mafi yawa a doron duniya. Ɗan hakin da aka raina ke nan.

Ƙanƙantarta ce ke ba ta nasara. Ƙwaya tana shan taki ta fatarta, kuma gwargwadon ƙanƙantar abu, gwargwadon yawan fatarsa idan aka kwatanta da cikinsa. Dalilin da ya sa garin sukari ke riga dunƙule narkewa a shayi ke nan. Ta kuma rage kayan jikinta: wasu nau'o'inta ƙwayoyin gadonsu ba su wuce 1,700 ba, alhali na ɗan Adam kusan 20,000 ne. Yawancin halittu suna gina bangon ƙwayarsu da kitse mai fosfor. Ita kuwa tana amfani da kitse mai farar wuta, wadda ke da yawa a ruwan teku, ta adana ɗan fosfor ɗin da ta samu don abin da ba makawa.

Tana da maƙwabciya mai irin wannan tsimi, bakteriyar da ake kira SAR11, wadda Stephen Giovannoni da abokansa suka gano a 1990 a tekun Sargasso. Ita ba ta dogara da rana wajen samun abinci ba, tana rayuwa ne da tarkacen da sauran ke zubarwa a ruwa.

Gidan da ba a zubar da komai

A da ana koyar da cewa abinci a teku layi ne miƙaƙƙe: ƙaramin tsiro, ƙaramar dabba, ƙaramin kifi, babban kifi. A 1974 Lawrence Pomeroy ya nuna akwai wata hanyar da aka tsallake, a 1983 kuma Farooq Azam da wasu masana suka fayyace ta suka ba ta suna, wanda ma'anarsa ita ce zagayen ƙananan halittu.

Ga yadda take. Ƙananan tsirran suna zubar da wani ɓangare na abincin da suka haɗa, ya narke a ruwa. Bakteriya su tsotse shi. Wasu halittu masu ƙwaya ɗaya su cinye bakteriyar, su fitar da amoniya da fosfor a matsayin bahaya. Nan take ƙananan tsirran su sake shanye su. Ƙwayar taki guda na iya zagayawa haka sau da yawa kafin ta kuɓuce ta nutse.

Ƙwayoyin bairas ma na da hannu. Mililita ɗaya na ruwan teku na ɗauke da kimanin miliyan 10, kuma an ƙiyasta suna kashe kusan kashi 20 cikin 100 na ƙananan halittun teku a kowace rana. Duk ƙwayar da suka fasa, abin cikinta na watsewa a ruwa ya koma hannun masu rai.

A 1967 Richard Dugdale da John Goering suka raba haɓakar filankiton gida biyu: wadda ta dogara da takin da aka sake juyawa, da wadda ta dogara da sabon taki daga waje. A hamadar teku, kusan kashi 90 cikin 100 na haɓakar na tafiya ne da tsohon taki. Manoman Sahel sun san wannan tsari. Gero ya ba da kara, shanu su ci karan bayan girbi, kashinsu ya koma gona, gero ya sake fitowa. Amma kowane manomi ya san buhun da ya kai kasuwa ya fita daga gonar ke nan, kuma idan ba a mayar da madadinsa ba, ƙasa za ta gaji. Haka yake a teku. Abin da ya nutse, ko kifin da aka kama, dole a biya shi da sabon taki.

Wani ɓangare na sabon takin yana zuwa daga ƙasa. Akwai manyan gurguzu na ruwa, masu faɗin kilomita goma-goma har zuwa ɗari ko fiye, da ke juyawa suna ɗago ruwan zurfi zuwa inda haske yake. Guguwa mai ƙarfi ma na gauraya saman teku na ɗan lokaci. Sauran kuma daga sama yake zuwa.

Waken teku

Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, amma a siffar da tsiro ba ya iya amfani da shi. Wasu bakteriya ne kaɗai ke iya fasa shi su mai da shi taki. Su ne ke zaune a ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa da gawo, shi ya sa gero ke kyau a ƙarƙashin gawo, kuma ake shuka wake a tsakanin dawa.

Teku ma na da nasa waken. Mafi shahara shi ne Trichodesmium, mai siffar zare, wanda ke dunƙulewa har ido ya iya gani. Idan ya yi yawa yakan rufe saman ruwa kamar an watsa dusar katako. Matuƙin jirgin ruwan Ingila James Cook ya gan shi a gaɓar Ostareliya a 1770, Charles Darwin kuma ya gan shi kusa da Burazil a 1832. A Bahar Maliya, wadda alhazan Afirka suka daɗe suna tsallakawa daga gaɓar Sudan zuwa Jidda, masanin Jamus Christian Ehrenberg ya fara bayyana shi a 1830. Sai a 1961 aka tabbatar yana ɗebo naitirojin daga iska.

Akwai wasu masu wannan aiki da ke zaune a cikin jikin wasu filankiton, suna ba su taki, su kuma suna ba su masauki. A 2024 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz da abokan aikinsu suka ba da rahoton cewa ɗaya daga cikinsu ta daɗe a cikin mai masaukinta har ta zama gaɓa ta jikinsa, abin da ba a taɓa tabbatarwa ba a wata halitta mai kama da tsiro.

Sai dai wannan aiki na cin ƙarfe da yawa, domin sinadarin da ke fasa naitirojin da ƙarfe aka gina shi. Ƙarfe kuma ba ya narkewa sosai a ruwan teku, kuma tsakiyar teku na da nisa da kowane kogi.

Daga Bodele zuwa Atlantika

A arewacin Cadi akwai wani kwari mai suna Bodele. Iskar arewa maso gabas na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta faɗa cikinsa. Kimanin kwana 100 a shekara ƙura na tashi daga nan, kuma masana na ɗaukarsa wuri guda mafi fitar da ƙura a duniya.

Ƙasar Bodele ba yashi ba ce irin na sauran sahara. Shekaru kusan 7,000 da suka wuce, wurin gindin wani babban tafki ne mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 350,000, wanda tafkin Cadi na yau ragowarsa ne. Filankiton na ruwan daɗi masu ɓawon gilashi, waɗanda ake kira dayatom, sun rayu a cikinsa suka mutu suka taru a ƙasa. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farar ƙasa maras nauyi, haɗe da ragowar ƙasusuwan kifi masu fosfor. Ita ce iska ke niƙawa ta ɗaga sama. Wato gawar filankiton na tsohon tafkin Cadi na daga cikin abin da ke ciyar da filankiton na Atlantika a yau.

An daɗe da ganin alamar haka. A 1832 Darwin ya tattara ƙurar da ta sauka a kan jirgin Beagle kusa da tsibiran Cap-Vert. Da Ehrenberg ya duba irin wannan ƙura da madubin ƙara girma, ya tarar da ragowar ƙananan halittun ruwan daɗi a cikinta. A zamanin nan, tauraron ɗan adam na CALIPSO, na haɗin gwiwar Amurka da Faransa, ya auna ƙurar daga 2007 zuwa 2013. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna kimanin tan miliyan 182 ke barin yammacin Sahara kowace shekara, daga Bodele da sauran wurare irin su hamadar Mali da Moritaniya. Kimanin tan miliyan 27.7 na sauka a dajin Amazon, wani kaso mai yawa kuma na zubewa a teku a kan hanya.

Ana ganin tasirinta idan aka kwatanta ɓangarori biyu na Atlantika. Arewaci na samun ƙura da yawa, don haka ƙarfe ya wadata, masu ɗebo naitirojin suka yawaita. Da yake suna cin fosfor wajen wannan aiki, fosfor ɗin saman ruwan ya yi ƙasa ƙwarai. Kudanci kuwa ƙura kaɗan yake samu, masu ɗebo naitirojin ba su da yawa, fosfor kuma ya fi saura a ruwa.

Hanyar da ke gangarawa ƙasa

Abin da ya kuɓuce wa zagayen sama yana nutsewa a hankali: matattun ƙwayoyi, bahayar ƙananan dabbobi da yauƙi, duk a dunƙule. Yawancinsa na ruɓewa a kan hanya, ɗan kaɗan ne ke isa gindin teku. Amma ko wanda ya ruɓe a zurfin mita dubu, kabon ɗinsa na iya shafe ɗaruruwan shekaru bai dawo sama ba.

Dabbobi na taimaka wa wannan jigila. Kowane dare ɗimbin ƙananan dabbobi da kifaye na hawowa daga zurfin ɗaruruwan mita su yi kiwo a sama, kafin gari ya waye su koma duhu don tsoron masu farauta. Suna ci a sama, su yi numfashi da bahaya a ƙasa, kamar garken da ke kiwo a fadama ya kwana a tudu. An lura da abin sosai a lokacin yaƙin duniya na biyu, da na'urorin sauraron jiragen yaƙi suka riƙa nuna wani abu mai kama da gindin teku da ke hawa da dare ya sauka da rana.

An ƙiyasta wannan hanya na saukar da kabon kimanin tan biliyan 5 zuwa 12 a shekara daga saman teku. Ba don ita ba, da iskar kabon a sararin samaniya ta fi yadda take yanzu yawa sosai, zafin duniya ma haka.

Daga teku zuwa kasuwa

Wannan lissafi na isa har tukunyar miya. A kowane mataki na cin juna, kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke zama nama, sauran na ƙonewa a matsayin ƙarfi. A gaɓar Moritaniya da Senegal, iska na ture ruwan sama zuwa cikin teku, ruwan zurfi mai sanyi da taki ya taso ya maye gurbinsa. Haka ma a gaɓar Gana da Kodebuwa, musamman daga Yuli zuwa Satumba. A irin waɗannan wurare manyan filankiton ke haɓaka, kifin sadin ya ci su kai tsaye ko bayan mataki ɗaya. A bisa wannan ƙiyasi, tan ɗaya na filankiton bayan mataki biyu ya ba da kilo 10 na kifi. A hamadar teku kuwa, da yake tsirran ƙanana ne ƙwarai, sai an bi mataki kamar biyar kafin a kai ga kifin tuna, tan ɗayan nan kuma ya koma giram 10.

Shi ya sa manyan yankunan tasowar ruwa, waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin teku ba, ke ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na kifin da ake kamawa a duniya. Daga nan ƙyafaffen kifin da ake lodawa zuwa kasuwannin arewa yake fitowa. Shi ya sa kuma tuna ke tafiyar dubban kilomita neman abinci, kafin jirage su sauke shi a Tema, Dakar ko Abijan, inda ake soya shi a ci da acceke a abincin nan da ake kira garba, sana'ar da 'yan Nijar suka yi suna a kanta.

Murjani ma na rayuwa ne da irin wannan tsimi. Dabbobin da ke gina duwatsun murjani, kamar na Sanganeb da ke gaban Port Sudan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, suna ɗauke da ƙananan tsirrai a cikin jikinsu. Tsiron na ba dabbar abinci, dabbar na ba shi bahayarta a matsayin taki. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, zaman ya watse, murjanin ya yi fari, idan abin ya daɗe ya mutu.

Abin da ke canzawa

Teku ya shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu ya jawo wa duniya. Idan saman ruwa ya ƙara ɗumi, rabuwarsa da na ƙasa na ƙara ƙarfi, taki kuma ya ƙara wahalar hawowa. Wani bincike da aka wallafa a 2008, bisa hotunan tauraron SeaWiFS, ya nuna yankunan teku mafi talauci sun faɗaɗa da murabba'in kilomita miliyan 6.6 tsakanin 1998 da 2006, ƙarin kimanin kashi 15 cikin 100. Wani kuma da mujallar Nature ta buga a 2023 ya duba hotunan shekara 20, ya tarar launin kashi 56 cikin 100 na saman teku ya sauya, kuma ruwayen da ke kusa da tsakiyar duniya sun ɗan ƙara kore. Sauyin launi na nuna cewa nau'o'in halittun da ke ciki na sauyawa, kuma duk abin da ya taɓa tushen abinci zai taɓa kifi.

Masunta a gaɓar Afirka ta Yamma sun riga sun ga wani sauyi da idonsu. Tun 2011 ciyawar teku mai launin ƙasa da ake kira sargasum ke taruwa a tsakiyar Atlantika, inda a da ba a saba ganinta da yawa ba. A watan Yunin 2018 ta yi shimfiɗa mai tsawon kilomita 8,850 daga Afirka ta Yamma zuwa mashigin Meksiko, nauyinta ya haura tan miliyan 20. Tana cika raga, ta toshe injin kwale-kwale, ta ruɓe a bakin ruwa daga Saliyo zuwa Gana da Najeriya. Masu bincike na danganta ta da sauyin iska da igiyoyi, da kuma takin da ke shiga teku daga tasowar ruwan zurfi da manyan koguna irin su Amazon.

Don bin diddigin waɗannan sauye-sauye, tun 1988 ake ɗiban ruwa kusan kowane wata a wurare biyu, ɗaya arewa da Hawai, ɗaya kusa da Bermuda. A Cap-Vert akwai tashar sa ido a kan hanyar ƙurar Sahara, kuma an buɗe cibiyar binciken teku a Mindelo a 2017. Jirgin ruwan Faransa Tara ya zagaya duniya daga 2009 zuwa 2013 ya tattaro samfur kusan 35,000 na filankiton. A ranar 8 ga Fabrairun 2024 hukumar NASA ta harba tauraron PACE, wanda ke iya bambance rukunonin filankiton daga sama ta hanyar launinsu.

Ga ƙasashe irin su Nijar da Cadi, waɗanda ba su da gaɓar teku, lamarin bai yi nisa ba kamar yadda taswira ke nunawa. Ruwan damina na zuwa ne da iskar da ke tasowa daga Atlantika, kuma zafin saman tekun na daga cikin abubuwan da ke sa damina ta yi kyau ko ta gaza, kamar yadda binciken farin shekarun 1970 da 1980 ya nuna. Yawan ƙurar da ke tashi kuma na ƙaruwa bayan shekarun fari: ma'aunin da ake yi a tsibirin Barbados tun 1965 ya nuna ta ninka sau da yawa a farkon shekarun 1980. Teku na aiko da damina, Sahel na aika masa da ƙura, kuma sauyi a ɗayansu na isa ga ɗayan.